Robert Bosch, Mutumin da Sunansa Ke Jikin Fulogi

Cikin hutun damina da ya wuce kawuna ya ce in raka shi Jos, za shi duba wani abokinsa da ba shi da lafiya. Motar kawun nan nawa ta girme ni nesa ba kusa ba. Irin ta da ce mai kafireto, wadda sai an lallashe ta da safe kafin ta yarda ta tashi. Muka bar Bauchi da hantsi, muka wuce dutsen Zaranda, muka wuce Nabordo, duk lafiya lau. Amma da muka soma hawan Panshanu sai inji ya fara ɗingishi, ya ja ya saki, ya ja ya saki, kamar jakin da aka labta wa kaya fiye da ƙarfinsa. Kawu ya sauko da giya, ya sake saukowa, manyan motoci na bayanmu suna ta danna mana ƙaho. Da ƙyar da jiɓin goshi muka kai sama. Ba mu shiga Jos ba sai bayan la'asar, lokacin shiga duba marasa lafiya ya kusa ƙarewa, gaisuwa kawai muka yi a tsaye muka fito.

Da muka komo gida, kashegari muka kai ta wurin wani tsohon bakanike a nan cikin gari, wanda kowa ke kira Baba, har kawu ma haka ya ke ce masa. Baba bai yi wata doguwar tambaya ba. Ya saurari inji kaɗan, ya sa yaronsa ya kwance fulogi huɗun nan, ya jera su bisa tsumma daidai da yadda su ke a jikin inji, ya shiga dubansu ɗaya ɗaya kamar malami na duba allon almajirai. Biyu bakinsu ya yi ja-ja, busasshe, amma ƙarfen tsakiya ya suɗe ya zama kamar kan tsohuwar taɓarya. Na uku ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Na huɗu kuwa jiƙe ya ke sharkaf da baƙin mai. Ya tambayi kawu yaushe rabonsa da sake su, kawu ya yi ta sosa ƙeya, ya kasa tunawa. Laifin dai namu ne, ba na kowa ba.

Sa'ad da aka kawo sababbi sai na ga suna rubuce a jikin farin tangaran ɗin, Bosch. Na sha ganin sunan nan a jikin batir da fitilu, amma ban taɓa tsammanin sunan mutum ba ne. Ashe mutum ne, Bajamushe, wanda ya rasu tun 1942. Na bi labarinsa, na same shi da abin da ya shafe mu, mu da mu ke shirin zama malamai, shi ya sa na ce bari in rubuto shi.

An haifi Robert Bosch ran 23 ga Satumba 1861 a wani ƙauye wai shi Albeck, kusa da birnin Ulm a kudancin Jamus. Shi ne na goma sha ɗaya cikin 'ya'ya goma sha biyu. Ubansa, Servatius Bosch, manomi ne mai hali, yana kuma da masauki a bakin hanya inda fatake masu keken doki su kan yada zango. A 1869 ya sayar da kome ya koma Ulm da iyalinsa, can yaron ya yi makaranta. Ba wani haziƙi ba ne a aji, lissafi ma ya kan ba shi wuya. Abin da ya ke so shi ne sanin dabbobi da itatuwa. Amma da ya gama makaranta a 1876 ubansa ya ba shi shawara ya koyi aikin ƙananan na'urori, irin aikin da sai da awo da natsuwa, ya kuwa yarda.

Nan ne ya gamu da abin da bai manta ba har tsufansa. Maigidan da aka kai shi wurinsa a Ulm ba mai zama a wurin aiki ba ne, in ma ya zo ba ya koya wa yara kome. Shekara uku Robert ya yi a hannunsa, ya fito da takardar shaida, amma ya san a ransa bai iya aikin ba. Duk wanda ya taɓa zama a ajin da malami ke shigowa ya rubuta kwanan wata a allo ya fita shan iska ya san irin wannan rashi. Ba a ganinsa ran da a ke yinsa, sai an je inda a ke bukatar ilmin.

Saboda haka ya shiga yawon neman abin da aka hana shi. Ya yi aiki a Kolon wurin wansa, ya yi a Stuttgart, ya yi shekara guda a soja, ya yi a Nuremberg a ma'aikatar Schuckert inda a ke ƙera kayan lantarki. Ya zauna zango ɗaya tak a babbar makarantar fasaha ta Stuttgart, ya ce amfanin da ya samu a can shi ne ya daina tsoron manyan kalmomin masana. A 1884 ya hau jirgin ruwa zuwa Amurka, ya yi aiki a ma'aikatar Edison a New York. A 1885 ya ƙetaro Ingila ya yi 'yan watanni a kamfanin Siemens na Landan, sa'an nan ya koma gida.

Ran 15 ga Nuwamba 1886 ya buɗe nasa wurin aiki a Stuttgart, a bayan wani gida, da jarin mak 10,000 na gadon ubansa. Ma'aikatansa biyu ne, bakanike ɗaya da yaron aike. Ba abin da ba ya karɓa: sa wayar tarho, sa ƙararrawar lantarki a ƙofa, gyaran duk abin da aka kawo. Shekaru goman farko wahala ce tsantsa. Jari ya ƙare, ya ci bashin dangi, wani lokaci biyan ma'aikata ma sai da rance. A 1890 ya sayi keke don ya riƙa zaga masu ba shi aiki. A 1892 kasuwa ta faɗi har ya sallami ma'aikatansa duka sai biyu.

To, cikin ƙananan ayyukan nan akwai ɗaya da bai ɗauke shi a bakin kome ba sa'ad da ya zo. A 1887 wani mai ƙera injuna ya roƙe shi ya yi masa na'urar kunna wuta irin wadda ya gani a jikin injunan kamfanin Deutz. Bosch ya je ya duba ta, ya tabbata ba wanda ya riƙe haƙƙin ƙirarta, ya yi tasa, ya kuma gyara ta ta fi ta asali sauƙi da ƙarfi. Ita ce a ke kira magineto, watau na'ura mai mayen ƙarfe da naɗin waya, wadda ke samar da lantarki da kanta in an juya ta, ba ruwanta da batir.

Ya kamata in tsaya in bayyana dalilin da ya sa wannan abu ya zama babba. Injin fetur ba ya tafiya sai an zuƙo iska da mai cikin silinda, fistin ya matse su, sa'an nan a kunna musu wuta a daidai lokacin da ya kamata, ba gaba ba baya. Kunna wutar nan ita ce ta fi damun masu ƙera motocin farko. Wani mutumin Beljiyam mai suna Lenoir ya yi amfani da tartsatsin lantarki tun 1860, amma batir na zamanin ba ya jimawa, kuma ba abin da ke cika shi a hanya. Daimler kuwa wani ɗan bututu ya ke sawa a jikin silinda, ana gasa shi da harshen wuta daga waje har ya yi ja. Mai karatu ya duba, ga wuta a buɗe, ga tankin fetur a kusa. In iska ta kaɗa wutar ta mutu, in mota ta kife gobara ta tashi.

Maginetocin Bosch na farko na injunan da ke kafe wuri ɗaya ne, masu juyawa a hankali. A 1897 wani Bature ɗan Ingila, Frederick Simms, ya aiko masa da babur mai ƙafa uku ƙirar De Dion-Bouton ta Faransa, ya ce a sa masa magineto. Injin abin nan yana juyawa fiye da sau 1,000 a minti, na'urar Bosch ba ta iya binsa. Shugaban ma'aikatansa, Arnold Zähringer, shi ya warware matsalar. Maimakon naɗin waya mai nauyi ya riƙa kaiwa da komowa, sai ya bar shi tsaye, ya sa wani ɗan kwanson ƙarfe marar nauyi yana yin motsin. Daga nan kasuwa ta buɗe. A 1898 aka buɗe ofis a Landan, a 1899 a Faris, a 1901 Bosch ya gina ma'aikatarsa ta kansa da mutum 45.

Duk da haka da sauran rina a kaba. Wannan magineto lantarkinsa ba shi da ƙarfin tsallake tazara. Sai an sa waɗansu ƙarafa biyu cikin silinda suna haɗuwa suna rabuwa, a wurin rabuwar ne tartsatsi ke fita. Sandunan da ke motsa su kuwa kowane irin inji da nasa, suna saurin cinyewa, kullum cikin gyara a ke.

Wanda ya kawar da wannan wahala yaron Bosch ne. Sunansa Gottlob Honold, an haife shi a 1876 a Langenau, garin da ke maƙwabtaka da ƙauyen su Bosch. A 1891 aka kawo shi koyon aiki, yana ɗan shekara goma sha huɗu zuwa sha biyar. Bosch, da ya ke ya ɗanɗana zama a hannun maigidan da ba ya koyarwa, bai yi wa nasa yaran haka ba. An san shi da faɗa da tsanani, ba ya ƙyale aikin ha'inci ko almubazzaranci, ko fitila aka bari tana ci a banza sai ya yi magana, amma yana tsayawa a kan yaro har ya iya. Honold ya gama, ya tafi yawon aiki, ya shiga babbar makarantar fasaha ta Stuttgart ya yi karatun da maigidansa bai samu yi ba. A 1901 Bosch ya komo da shi, ya ba shi ɗaki da kayan gwaji, ya ce ya nemo hanyar rabuwa da sandunan nan. Kafin shekarar ta ƙare ya kawo abin da aka nema. Ya yi naɗin waya biyu a jikin magineto, ɗaya mai kauri gajere, ɗaya siriri mai tsawon gaske, har ƙarfin lantarki ya kai dubban volt, ya iya tsallakawa tsakanin ƙarafa biyu da ke tsaye cik ba mai motsi. Ƙarafan nan biyu, da abin da ke raba su don kada lantarki ya zurare, su ne fulogi. Ran 7 ga Janairu 1902 aka ba kamfanin takardar haƙƙin ƙira.

Ba Bosch ya fara tunanin fulogi ba, ba kuma shi kaɗai ya shahara da shi ba. Akwai Albert Champion, Bafaranshe mai tseren keke, wanda ya ƙaura Amurka ya bar sunansa a jikin fulogin Champion da na AC. Amma haɗin magineto mai ƙarfi da fulogi wanda a ke ɗaurawa a kowane inji ya yi aiki, daga ɗakin Honold ya fito. Ni dai a ganina, da adalci a ke bi da sunaye biyu za a rubuta a jikin tangaran ɗin. Sai dai kuma in an ce Honold, an ce wanda ya koya masa riƙon zarto.

Yanzu bari in koma kan fulogin kawu, don a ga abin da ke cin sa. Fulogi ba shi da wani abu mai motsi, amma aikinsa shi ke cinye shi. Duk sa'ad da tartsatsi ya tsallaka daga ƙarfen tsakiya zuwa ɗan ƙarfen gefe mai lanƙwasa, ya kan ɗebe wani ɗan mitsitsin ƙarfe wanda ido ba ya gani, zafi da gubar hayaƙi kuma suna taya shi ci. Ga ɗan lissafi wanda ya isa a ba 'yan aji shida. A injin mota kowane fulogi yana ba da wuta sau ɗaya cikin juyi biyu. In inji na juyi 3,000 a minti, tartsatsi 1,500 ke nan a minti, watau 25 a daƙiƙa ɗaya. Daga Bauchi zuwa Jos, kamar kilomita 130, in an yi sa'a biyu a hanya, kowane fulogi ya yi tartsatsi 180,000. Zuwa kaɗai ke nan, ba a lissafa komowa ba.

A kwana a tashi sai abu biyu su faru. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan, wadda a tsofaffin motoci ta kan kasance milimita 0.6 zuwa 0.8, sai ta yi ta faɗi. Kaifin bakin ƙarfen kuma ya suɗe ya zama kumburarre, lantarki kuwa ya fi son tashi daga wuri mai kaifi. Duka biyun suna sa fulogi ya nemi ƙarfin lantarki fiye da da. Sabuwar mota tana da rarar ƙarfi da za ta biya masa, amma tsohuwa mai tsohon kwayil da busassun wayoyi ba ta da ita. Abin da ya sa asirinmu bai tonu ba sai a Panshanu kuwa shi ne, sa'ad da direba ya take totur a hawa, silinda na cika maƙil da iska da mai, matsi ya yi yawa, tartsatsi kuma ya fi shan wuyar ratsa iskar da aka matse. A shimfiɗaɗɗiyar hanya fulogin da ya gaji ya kan yi ta maneji, tudu ne ke fallasa shi.

Fulogin farko na 1902 bai wuce ya yi kamar kilomita 1,000 ba a sake shi. Babbar damuwarsa ita ce abin da ke raba ƙarafan, don tangaran na zamanin ya kan tsage in ya sha zafi sa'an nan sanyin sabon mai ya buge shi. Shekara da shekaru ana gwada duwatsu da yumɓu iri iri, sai cikin shekarun 1930 aka kai ga farin tangaran mai tauri irin wanda mu ke gani yau. Cikin shekarun 1920 kuma kamfanin Bosch ya fito da ma'aunin zafin fulogi, wanda lambobin nan na jikinsa ke nunawa. Dalili kuwa, bakin fulogi yana bukatar ya kai zafin kamar digiri 500 don ya ƙone dattin da ke taruwa a kansa, amma in ya haura wajen 850 sai ya zama garwashi, ya kunna mai tun lokaci bai yi ba, har ya iya huda fistin. Don haka ba kowane fulogin da ya shiga rami ya ɗauru ne ya dace da inji ba, ko da mai kanti ya rantse. Tun daga 1923 kuma aka soma zuba wani sinadarin darma cikin fetur, wanda ke barin ƙanzo a bakin fulogi yana rage masa kwana. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun rabu da irin wannan mai a farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021. A zamanin da Peugeot 504 ta fara fitowa daga ma'aikatar Kaduna, a 1975, fulogi mai bakin nikel in ya yi kilomita 15,000 zuwa 20,000 ya biya kuɗinsa. Masu bakin filatinam ko iridiyam na yanzu su kan yi 60,000 har zuwa 100,000.

Na tambayi Baba ko mu sayi irin masu tsadan nan mu huta. Ya yi dariya, ya ɗauko na uku da na huɗu ya nuna mini. Waɗannan biyu ba cinyewa suka yi ba, kashe su aka yi. Mai kunkunniyar nan mai ne ya yi masa yawa, ko tartsatsinsa ya yi rauni, ga kuma yawan gajeruwar tafiya cikin gari, daga Wunti zuwa kasuwar Muda Lawal a kashe inji, fulogi bai taɓa yin zafin da zai wanke kansa ba. Mai jiƙen kuwa ringin fistin ne ya gaji, baƙin mai na haurowa. Ko fulogin zinariya aka sa a ramin nan, mako kaɗan zai koma haka. Na ga gaskiyarsa. A tsohuwar mota lafiyar inji ce ke yanke wa fulogi kwana, ba tsadarsa ba. Wankewa da goge baki da gyara tazara suna ceton wanda datti ya rufe, amma ƙarfen da ya tafi ya tafi. Ga kuma jabu da ke yawo cikin kwalaye masu manyan sunaye, abin da ya sa Baba ba ya aiken yaro sayen fulogi, da kansa ya ke zuwa.

Mu koma ga mai sunan. Bayan 1902 arziki ya zo masa kamar ambaliya. A 1903 Camille Jenatzy ya ci babban tseren motoci a Ailan da Mercedes mai magineton Bosch, sunan ya zaga duniya. A 1906 aka ƙera magineto na 100,000, a shekarar nan kuwa ya mai da aikin ma'aikatansa sa'a takwas a yini, tun shekara goma sha biyu kafin dokar ƙasar ta ce a yi haka. A 1910 ya ba su hutun yammacin Asabar. Yana biyan lada fiye da na sauran masu ma'aikatu, har suka riƙa yi masa kallon ɗan gurguzu. Shi kuwa a wurinsa lissafi ne, ma'aikacin da ya huta ya ƙoshi shi ke yin aikin da ba a komowa da shi. Kafin 1913, kashi 88 cikin 100 na cinikinsa a ƙasashen waje ya ke yi. A wannan shekara ya buɗe sashe na musamman na koyar da yara sana'a, da malaminsu wanda ba shi da wani aiki sai koyarwa. Shekara talatin da huɗu ke nan bayan fitarsa daga hannun maigidan Ulm.

Kada a ce na yabi ɗan kuturu ban faɗi yatsunsa ba. A 1913 ɗin nan dai rigima ta tashi tsakaninsa da ƙungiyar ma'aikata a kan lada da saurin aiki, aka yi yaji, shi kuwa ya rufe ma'aikata makonni. Abin ya ɓata masa rai ƙwarai, don yana ganin ya yi musu abin da ba wanda ya yi, har ya shiga ƙungiyar masu ma'aikatu wadda da ya ƙi shiga. Mutum ne mai saurin fushi, mai wuyar sha'ani in ya kafe.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi a 1914 kasuwanninsa na waje suka rufe, aka ƙwace ma'aikatarsa ta Springfield a Amurka har da sunan kamfanin a can. Soja suka zama masu sayen kayansa, kuɗi suka shigo, amma bai yarda ya ci ribar jini ba. Ya ba da wajen mak miliyan 20 sadaka, miliyan 13 daga ciki don gyaran kogin Neckar jiragen ruwa su riƙa bi. Bayan yaƙi baƙin ciki ya biyo baya. Ɗansa Robert, wanda ya so ya gaje shi, ya rasu a 1921 bayan doguwar cutar jijiyoyi. A Maris 1923 Honold ya rasu yana da shekara 46. Kafin rasuwarsa shi ya ƙera wa kamfanin fitilun mota, shi ne kuma a 1918 ya zana tambarin nan mai da'ira da a ke gani a jikin kwali, wanda hoton cikin magineto ne. Auren Bosch na fari, da Anna Kayser, bai jure rashin ɗan ba, suka rabu, a 1927 ya auri Margarete Wörz ta haifa masa 'ya'ya biyu.

Magineton da ya yi masa arziki ma zamani ya ture shi daga cikin mota, don kwayil mai aiki da batir, wanda Charles Kettering ya kyautata a Amurka, ya fi araha. Bosch bai tsaya kuka ba, ya shiga yin kwayil, da ƙaho, da abin share gilashi. Ya kuma hango cewa injin dizal, wanda zafin matsi kaɗai ke kunna masa mai, ba ya bukatar fulogi ko kaɗan. Maimakon ya yi gaba da shi sai ya sa aka ƙera famfon da ke fesa masa mai, aka fara sayarwa a 1927. Manyan motoci da taraktocin da kamfanin Steyr ya harhaɗa a nan Bauchi tun daga ƙarshen shekarun 1970 duk irin wannan inji ne gare su. Magineto kuwa bai mutu ba. Ƙaramin janareta, da injin ban ruwa na fadama, da injin markaɗe, duk wanda a ke ja da igiya ya tashi ba batir, jikan na'urar nan ce ke ba fulogi nasa wuta.

Ƙarshen rayuwarsa ya faɗo cikin mulkin Hitila, wanda ya hau a 1933. Bosch ba ya ƙaunar 'yan Nazi, ya kuma daɗe yana aikin sulhunta Jamus da Faransa. Daga 1937 kamfaninsa ya ɗauki Carl Goerdeler aiki, ya ba shi kuɗi da dalilin tafiye-tafiye, shi kuwa yana cikin manyan masu ƙulla yadda za a kawar da Hitila, aka kashe shi a 1945. Hans Walz, wanda Bosch ya danƙa wa ragamar kamfanin, ya taimaki Yahudawa da yawa suka tsira. Amma kuma kamfanin nan dai shi ya ƙera wa jiragen sama da motocin yaƙin Hitila kayan wuta da famfunan mai, kuma cikin shekarun yaƙi dubban mutanen da aka kamo daga ƙasashen da aka ci sun yi aikin tilas a ma'aikatunsa. Na yi ta juya wannan a raina ban sami yadda zan sa ɗaya ya shafe ɗaya ba, saboda haka na rubuta su duka.

A 1936, da ya cika shekara 75, ya ba da mak miliyan biyar da rabi a gina asibiti a Stuttgart, aka buɗe shi a Afrilu 1940. Ya rasu ran 12 ga Maris 1942, ciwon kunne ne ya zama ajalinsa, yana da shekara 80. Gwamnatin da ya ƙi ita ta karɓe jana'izarsa ta mai da ita bikin ƙasa. Ya bar wasiyya a kan yadda za a yi da dukiyarsa, a 1964 magada da wasiyyai suka mai da mafi yawan kamfanin hannun wata gidauniya mai sunansa, wadda ke kashe rabonta na riba a kan asibiti da ilmi.

Ran da aka ɗaura wa motar kawu sababbin fulogi, na lura Baba bai taɓa su da hannunsa ba. Yaronsa ya miƙa wa siraran ƙarafan awo, ya tsaya a kansa yana kallo har ya daidaita tazarar duka huɗun, ya sa shi ya fara ɗaura kowanne da yatsu kafin ya kawo sufana, don kada ya ci zaren ramin. Na uku sai da yaron ya sake awo sau biyu kafin Baba ya gyaɗa kai. Ya gaya wa kawu kuma ya fara tanadin kuɗin ringi, don silinda ta huɗu ba za ta kai rani ba. Tsofaffin huɗun na roƙa aka ba ni, suna nan cikin akwatina, da su zan koyar da darasin lantarki in mun fita koyon koyarwa zango mai zuwa.